Makirfo ya ƙi ɗaukar murya a Linux: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A ɗan shagon da nake gyaran kwamfuta a nan Maradi, ƙorafin da na fi ji daga masu Ubuntu da Linux Mint, wato nau'o'in tsarin Linux, shi ne: "Lasifika na magana, amma mikro ya mutu." Kafin mutum ya iso wurina, sau da yawa ya riga ya goge na'urar ya sake zuba mata tsarin har sau biyu, ya ƙarar da kuɗin intanet ɗinsa, makirfo kuma yana nan shiru. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma shi ya fi cin kuɗi. Murya tana da hanyar da take bi: daga baki zuwa makirfo, ta bi waya ta shiga rami, ta isa katin sauti, ALSA, wato sashen Linux mai magana da katin, ta karɓe ta, ta miƙa wa PulseAudio ko PipeWire, manhajojin da ke rarraba sauti, su kuma su miƙa wa manhajar da kake aiki da ita. Daga bakin hanyar ake fara bincike, ba daga ƙarshenta ba.

Mu fara da ramin. A bayan kwamfutar tebur akwai ramuka masu launi: kore na lasifika ne, shuɗi na shigar da sauti ne daga rediyo ko wata na'ura mai ƙarfinta, ruwan hoda kuma shi ne na makirfo. Wanda ya sa makirfo a shuɗi zai ji murya can ƙasa kamar daga rijiya, ko ma bai ji komai ba. Da ƙurar hunturu ta rufe bayan na'ura, duk launukan sai su zama ɗaya, don haka ka haska tocila ka goge kafin ka cusa.

Wanda ya fi wannan yawa shi ne na abin sawa a kunne na salula. Duba kan filoginsa: idan zobba uku ne baƙaƙe, wato gida huɗu, an yi shi ne don rami guda mai haɗa ji da magana. Ramin ruwan hoda gida uku kawai ya sani, gidan da makirfon yake kuwa ba ya taɓa inda ya kamata. Ko ka kwana kana buga umarni ba zai yi ba. Maganinsa ƴar waya mai baki biyu, ɗaya kore ɗaya ruwan hoda, wadda ake samu wurin masu kayan salula a babbar kasuwa. Akwai kuma akasin haka: wasu kwamfutocin ofis da aka riga aka yi amfani da su, irin Dell da HP da ake shigo da su, rami ɗaya ne gare su a gaba mai haɗa duka biyun. A kan irin waɗannan, Ubuntu kan fito da ƴar taga ta tambaye ka me ka saka. Mutane na rufe ta ba su karanta ba. Karanta ta, ka zaɓi wanda ke da makirfo.

Wani dattijo mai ɗaukar karatun littattafai don almajiransa ya taɓa kawo mini tasa daga wajen Tibiri. Ya ce, "Yaro, an ce mini wannan Linux ɗin ne ba ya son mikro." Na ce, "Allah gafarta Malam, bari mu gwada ramin baya tukuna." Muna sawa a baya sai ga murya tas. Da na buɗe akwatin, wayar da ke haɗa ramukan gaba da uwar allo, wato babban allon da ke cikin na'ura, tana lilo, ba a taɓa haɗa ta ba tun lokacin da aka harhaɗa na'urar. Gurbinta yana ɗauke da rubutun HD Audio ko AAFP ko F_AUDIO, gwargwadon kamfanin. Tun daga ranar, ramin baya nake fara gwadawa.

Makirfon kansa ma yana da nasa. Irin manyan nan masu filogi mai ƙafa uku, da ake kira XLR, waɗanda matasa masu ɗaukar waƙa da shirye-shirye ke saye, da yawansu suna buƙatar wuta volt 48 daga mikisa ko akwatin sauti. Ramin kwamfuta ƴan volt kaɗan yake bayarwa. Irin na masallaci kuwa ba ya neman wuta, amma muryarsa ƙarama ce idan babu amfilifaya. Kuma, kada ka yi dariya, ka duba ɗan makunnin da ke jikinsa.

Idan waya da rami sun tsira, sai a tambayi na'urar ko tana ganin katin. Buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta:

arecord -l

Idan ta jero kati, to direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, yana nan, babu abin da za ka sauke. Wanda ya saba da Windows nan take zai tafi intanet neman direban Realtek, kamfanin guntun sauti, alhali a Linux direban irin waɗannan katunan yana zuwa ne tare da kernel, wato zuciyar tsarin. Idan ba ta jero komai ba, shiga BIOS, wato saitin da ake shiga tun na'ura na tashi, ka ga ko an kashe sautin uwar allo. Na USB kuma, umarnin lsusb zai nuna maka ko an gan shi.

Sai alsamixer, manhajar saita sauti da ake buɗewa a tamina, inda mutane da yawa ke ɓata. Kana buɗe ta, abin da za ka gani sandunan fitar da sauti ne, sai mutum ya ɗaga su duka har sama ya ce ya gama. Bai taɓa makirfo ba. Danna F6 ka zaɓi katinka, sannan F4 ka shiga ɓangaren ɗauka. Je kan Capture: idan ƙarƙashinsa ƴan gajerun layuka ne kawai, a kashe yake, danna dogon maɓallin tazara har jan rubutu ya fito. Idan akwai Input Source, tabbatar ya dace da inda ka sa filogi, Front Mic na gaba ne, Rear Mic na baya. Mic Boost kuwa a bi shi sannu, mataki ɗaya ko biyu. Wanda ya kai shi ƙarshe zai samu murya, amma tare da ƙugin fanka da kukan adaidaita na bakin titi. Da ka gama, ka adana da sudo alsactl store. Daga nan ka gwada da kanka:

arecord -d 5 -f cd gwaji.wav
aplay gwaji.wav

Daƙiƙa biyar ke nan. Idan ka ji muryarka, duk abin da ke ƙasa, daga makirfo zuwa ALSA, lafiya yake, matsalar tana sama.

A saman, kayan aikin da na fi yarda da shi pavucontrol ne, kuma yana aiki ko da PulseAudio ko da PipeWire. Yawancinmu a nan da Faransanci muke sa na'ura, don haka ka nemi shafin Configuration. Idan katin yana kan Sortie stéréo analogique, fitarwa kaɗai ka ba shi izini, makirfo ba zai ma bayyana ba. Mayar da shi Duplex stéréo analogique. A shafin Périphériques d'entrée kuma, kada ka zaɓi wanda sunansa ya fara da Monitor. Wannan ba makirfo ba ne, abin da lasifika ke faɗa yake ɗauka. Yi magana ka kalli sandar da ke ƙasa, in tana motsi ka samu. Mai kyamarar USB ya lura, sau da yawa tana da nata makirfon, kuma ita na'urar ke zaɓa ta bar naka. Mai Bluetooth kuma ya sani, yanayin A2DP na jin waƙa ne kawai, sai ya koma HFP kafin a ji shi.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne kwafo umarni daga intanet ba a duba shekararsa ba. Fedora, wani nau'in Linux, ta koma PipeWire tun 2021 a fitowa ta 34, Ubuntu ta bi a 22.10, Linux Mint kuma a 22, cikin 2024. Maganin da aka rubuta wa PulseAudio shekara goma da suka wuce ba lallai ya dace da tsarinka ba. Rubuta pactl info ka duba sunan saba, wato manhajar da ke rarraba sautin: in ka ga an ambaci PipeWire, shi ke gare ka. Sake tayar da shi haka ake yi, kuma babu sudo, kalmar da ke ba da ikon shugaban na'ura, a gaba, don hidimar ta mai amfani ce ba ta shugaban na'ura ba:

systemctl --user restart pipewire pipewire-pulse wireplumber

Masu cewa ka cire PulseAudio gaba ɗaya, kafin ka danna amincewa ka karanta jerin abin da zai tafi tare da shi, don wani lokaci yana jan wasu kayan tebur. Haka layin options snd-hda-intel model= da ake cewa a ƙara cikin fayil ɗin alsa-base.conf: abin da ke bayan alamar daidai ya danganta da guntun sautin na'urarka. Na wani ba naka ba ne, kuma in ka sa ba daidai ba har lasifikar da ke aiki sai ta yi shiru.

Idan komai na motsi amma Zoom ko Google Meet ba sa jin ka, izini ne. Wata rana burauza ta tambaye ka, ka danna "a'a" cikin sauri, ita kuma ba ta mantawa. Danna ƴar alamar da ke gefen adireshin shafin ka sake ba ta dama. Manhajojin da aka saka ta Snap ko Flatpak, wato wasu hanyoyin saka manhaja, suna cikin keji, wasu sai an buɗe musu. Ga na Snap, umarnin snap connections tare da sunan manhajar zai nuna ko audio-record, wato izinin ɗaukar murya, a haɗe yake.

Mai Windows da Linux a na'ura ɗaya, in makirfo na yi yau gobe ya ƙi, ya kashe saurin tashi na Windows, wanda ake kira démarrage rapide, don ba ya barin na'ura ta mutu sosai. Ƙugin "zzz" da ba ya yankewa kuwa ba na Linux ba ne. Wuta ce, galibi soket marar wayar ƙasa, kuma ya fi tsanani idan an koma janareta. Ka raba wayar makirfo da ta wuta, ka canza soket. In ya ƙi, ko in ramin ruwan hodan ya riga ya ƙone, ɗan katin sauti na USB mai kama da kile ya ishe ka. Linux na gane yawancinsu da ka cusa, sai dai ka koma pavucontrol ka zaɓe shi, don ba kullum yake zaɓar kansa ba.