Yadda ake saƙa faifan kaba

Daga Mai Wurno, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa kusa da Sinnar a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa Gadarif, al'adarmu ce a kife tiren buɗa-baki da faifai kafin a fita da shi titi. Sai dai yanzu na zaren roba ya cika kasuwa, kuma tururin asida, wato tuwon Sudan, na lanƙwasa shi. Na kaba kuwa shan tururin yake yi. 'Yar'uwa, ga yadda za ki fara naki.

Da farko zaɓi kabar goruba matashiya, ta tsakiya wadda ba ta buɗe ba. Tsohuwa karyewa take yi. Shanya ta har ta yi fari.

Sannan ki tsaga ta siri-siri da allura, ki ware tsinkayen gefe. Kada ki zubar da su, su ne cikin faifan.

In kina son launi, tafasa karan dafi don ja, ko kurkum don rawaya, ki zuba gishiri kaɗan, ki tsoma kabar har ta sha. Ɗauraye ta sosai, in ba haka ba ranar farko za ta yi wa kisirar mutane, wato gurasar dawa, lalle.

Yanzu sai cibiya, inda aikin yake. Jiƙa kabar, ki naɗe ta a ɗanyen tsumma. Haɗa tsinkaye kaɗan, ki nannaɗe kansu da kaba, ki murɗa su kamar katantanwa. Huda zagayen farko da basilla, zura kaba, ja ta da ƙarfi, sake hudawa dab da wurin. Babban yatsanki na danne ɗinkin kullum. Cibiya in ta yi sako-sako, warware ta kawai. Babu adon da zai rufe wannan aibin. Tsinke ya kusa ƙarewa, cusa wani tun da saura, don kaurin ya tafi daidai.

Don murfin tire, riƙa ɗora kowane zagaye ɗan ƙasa da na baya, zai yi tulluwa. A baki ki rage tsinkayen ɗaya-ɗaya, ki ninka ɗinkin.

Zane kuwa ba a koyonsa a waya. Ɗauki kabarki da ɗan goro ki je wurin Iya ko Gwaggo da la'asar, ki tafi da ƙannenki mata, kowa da basillarta.