Yadda na daidaita bayan wuyan jita da magagari

Alhamdu lillahi, wuyan jitar lantarkin da nake sassaƙawa da katakon maɗaci a nan Bauchi ya miƙe. Matsalar wani tudu ne a bayansa, tsakanin layi na 5 da na 7 (layukan ƙarfen da ake danna tsirkiya a kansu), babban yatsa yana isa wurin sai ya yi tuntuɓe.

Da farko na zargi hunturu, na ce ko katakon ne ya lanƙwashe. Na ɗan murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wadda ake gyara lanƙwasarsa da ita, babu abin da ya canza. Samfefa a tafin hannu kuwa bin kwarin da ke gefen tudun take yi, tana ƙara zurfafa shi.

Ga abin da ya yi aiki. Na ja layi da fensir a tsakiyar bayan, na ɗora rula ta ƙarfe, na haska tocila ta baya. Duk inda haske bai ratsa ba, nan tudun yake, na shafe shi da fensir. Na bi da magagari a karkace, daga tsakiya zuwa gefe, ina tsayawa da zarar baƙin ya goge. Na bar kaurin wuyan a milimita 21 a layin farko, 23 a na 12. Kada a yi ƙasa sosai, domin ramin sandar nan yana kusa, sai a huda shi.

Sannan na manna samfefa mai kaushi, lamba 80, a doguwar filanki miƙaƙƙiya, na goga a tsaye daga kai zuwa gindi, na bi da 120, na ƙare da mai laushi, 220. Godiya ga kafintan unguwarmu da ya ara mini magagarin.