Yadda Ɗalibi Zai Fahimci Aikin Famfon Kalsiyam a Tsokar Zuciya

Ka fara da bin sawun kalsiyam cikin bugun zuciya guda ɗaya. Idan ya kwararo daga ma'ajiyarsa da ke cikin ƙwayar tsoka, tsokar takan matse, sannan famfon kalsiyam, wani furotin mai suna SERCA2a, ya mayar da kusan kashi 70 cikin ɗari nasa ma'ajiyar, tsoka ta saki, zuciya ta cika da jini.

Daga nan ka mai da hankali sosai kan furotin fosfolamban, wanda yake taka wa famfon birki. Idan mutum yana gudu, sinadarin adirenalin da jiki ke saki yakan sa a liƙa wa fosfolamban wani ɗan sinadari mai suna fosfet, birkin ya saki, famfon ya ƙara sauri.

A ciwon gazawar zuciya aikin famfon yakan ragu, ma'ajiya ba ta cika, bugu ya raunana. Ka danganta wannan da haki da kumburin ƙafa da kake gani ga majinyaci.