Yadda Ake Kaɗa Ƙuri'a, Daga Rajista Har Zuwa Ƙirga

Kalmar ƙuri'a ta girmi siyasar jam'iyyu a bakin Bahaushe. Daga Larabci muka aro ta, kuma ma'anarta ta fari ita ce wadda muke gani a wurin watanda. An haɗa kuɗi an sayi sa, an yanka, an kasa nama kashi-kashi, kowa ya ba da tsinke ko ɗan dutse, sai a kira yaron da bai san na kowa ba ya ɗora a kan kaso. Inda naka ya faɗa, nan ne rabonka. Ƙuri'ar siyasa sunan kawai ta ɗauko. A watanda hannun yaro ne ke yanke maka, a nan kuwa kai ne ke tsugunawa ka tsince, kamar mai sayen gyaɗa a babbar kasuwar Maraɗi. Shi ya sa ake ce wa aikin gaba ɗaya zaɓe, ita kuma takardar da ke ɗauke da ra'ayinka ake ce mata ƙuri'a.

Na san wani zai ce, ina zaɓen yake yanzu? Gaskiya ne. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a nan Nijar aka dakatar da kundin tsarin mulkin 2010, a 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, a Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa, aka tsayar da wa'adin shekara biyar. Wannan ne ma ya sa na zauna rubutun nan. Yaron da ke da shekara 14 ranar zaɓen 21 ga Fabrairu 2021 yau ya zama saurayi, wata yarinyar ma ta yi aure da goyo, ba su taɓa leƙa cikin biron zaɓe, wato wurin da ake kaɗa ƙuri'a, ba. Abin da zan faɗa shi ne yadda aka yi a 2020 da 2021, lokacin da na yi aiki a wani biro cikin wata lakwal a nan birnin Maraɗi. Doka tana iya sauyawa, amma matakan da kalmomin suna nan, kuma ko a zaɓen ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta iyayen yara za su yi maka amfani.

Da farko, sa sunanka a kundi

Zaɓe ba ya farawa ranar da aka jera akwatuna. Watanni kafin nan ake yin rajista, wato shigar da sunan duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 cikin kundin masu zaɓe. Hukumar zaɓe mai zaman kanta, wadda kowa ya sani da CENI, ita ke da wannan aiki a lokacin. A shirin zaɓen 2020 ne aka fara rajista da na'ura mai ɗaukar hoto da zanen yatsu, aka yi wa mutum sama da miliyan 7 a faɗin Nijar.

Ka tanadi takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa tun yanzu. Wanda ba shi da ita ya nufi ma'aikatar magajin gari ko kotu ya ji yadda zai samu, kada ya bari sai layi ya yi tsawo. Bayan rajista akan liƙa sunaye domin kowa ya duba. Je ka duba da idonka, ko ka tafi da ɗanka mai karatu, ka tabbata sunan daidai yake kuma ka san biron da aka tura ka. Na ga wani dattijo da ya zo tun da sassafe, ya sha layi, sai da ya iso gaban tebur aka gano sunansa yana wata lakwal a can wata unguwa. Ya tafi, ban sani ba ko ya samu ƙarfin sake wani layin.

Idan katin zaɓe ya fito, karɓi naka da hannunka, ka adana. Kada ka ba ɗan siyasa ajiya, kada ka ba da shi don jaka biyu ko turmin zane. Maigida ma bai kamata ya tattara na matansa ya kulle a akwati ba. Katin Hajiya na Hajiya ne.

Ka san wane zaɓe ake yi

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don haka zan daɗe a kai. Ɗan takara shi ne mai neman kujera. Jam'iyya ita ce ƙungiyar da ta tsayar da shi, wanda kuma ya tsaya ba jam'iyya ana ce masa ɗan takara mai zaman kansa. Mazaɓa ita ce yankin da ƙuri'unsa ke haɗuwa su fitar da wakili. Yaƙin neman zaɓe, da muke ce wa kamfe, yana da ranar buɗewa da ranar rufewa, kuma ana rufe shi kafin ranar zaɓe.

A zaɓen shugaban ƙasa mutum guda kake zaɓa, ƙasar duka mazaɓa ɗaya ce. Ƙuri'ar mai tallan fura a Mokoyo nauyinta ɗaya da ta minista a Yamai.

Zaɓen 'yan majalisar dokoki, wato dipite-dipite, ba haka yake ba. A lokacin majalisar tana da kujera 171, kuma jihar Maraɗi ce mazaɓarmu. Kowace jam'iyya tana kawo jerin sunaye, kai kuma jerin kake zaɓa baki ɗaya. Ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. A ce kujera 10 ake nema, jam'iyya ta samu kusan kashi 40 cikin ɗari, to za ta tashi da kamar kujera 4. Saboda haka in an ce maka "ɗan garinku yana ciki", ka sani ba lalle ne shi zai shiga ba. Ƙuri'arka tana iya ɗaga wani a jerin. A lokacin akwai kuma mazaɓu na musamman guda 8 da aka ware domin al'ummomi marasa yawa su samu wakili, Bermo a jiharmu tana cikinsu. Dokar kaso, da aka gyara a 2019, ta ce kowane jinsi ya samu aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe, shi ya sa kake ganin sunayen mata a jerin.

A zaɓen ƙananan hukumomi, irin na 13 ga Disamba 2020, ba kai ke zaɓen magajin gari ba. Kansiloli kake zaɓa, su kuma su zauna su fitar da magajin gari daga cikinsu. Mutane da yawa sun yi fushi a Tasawa, Madarunfa ko Gidan Rumji don wanda suka so bai hau ba, alhali a zaman kansiloli aka yanke maganar. Wanda ya san haka zai fi sa ido a kan waɗanda yake turawa majalisar.

Sai ƙuri'ar raba gardama, wadda ba ɗan takara a cikinta, tambaya ce da amsar i ko a'a. Kakanninmu sun yi ta ranar 28 ga Satumba 1958, lokacin da jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta yi kira a ce a'a ga tayin Faransa na a ci gaba da zama ƙarƙashin inuwarta, amma i ta yi rinjaye. Da irinta aka amince da kundin tsarin mulki ranar 31 ga Oktoba 2010.

Ranar zaɓe

Ana buɗe biro da ƙarfe 8 na safe. Ka riƙe katinka, ka bar rigar jam'iyya da hular jam'iyya a gida. Kafin a fara, shugaban biro yana nuna wa kowa akwatin babu komai ciki, sannan a rufe shi. In kana cikin na farkon layi, kai ma shaida ne.

A tebur za a duba katinka, a nemo sunanka a kundi, a miƙa maka takardar ƙuri'a. A zagayen farko na 27 ga Disamba 2020 'yan takarar shugaban ƙasa 30 ne a kan takarda guda, kowa da hotonsa da alamar jam'iyyarsa. Shiga makeɓa, wato ɗan lungun da aka kare da labule ko kwali, kai kaɗai. Nemo wanda kake so, sa alama a gurbinsa shi kaɗai, yadda ma'aikatan suka nuna. Kada ka rubuta sunanka, kada ka ƙara addu'a ko zagi, kada ka sa wa mutum biyu. Idan da tawada a yatsanka, kula wajen naɗe takardar kada ta shafi gurbin wani. Ka fito, ka jefa a akwati da hannunka, ka sa hannu ko ka dangwala a gaban sunanka, a shafa maka tawadar da ba ta fita da wuri domin kada mutum ya yi sau biyu.

Wata tsohuwa ta tsaya gabana da takardarta ta ce, "Ɗana, nuna mini inda zan sa." Na ce, "Inna, yadda ake sawa zan iya nuna miki, amma wa za ki sa wa, wannan tsakaninki da Allah ne." Ta yi shiru, ta shiga, ta daɗe, ta fito ta jefa. Abin da ake nufi da ƙuri'ar sirri ke nan. Ba wanda zai san abin da ka zaɓa sai in kai ka faɗa, ko da ka ci shinkafar wani a lokacin kamfe.

Kada ka tafi, tsaya a ƙirga

Da an rufe biro da yamma, a nan take ake buɗe akwati, gaban wakilan jam'iyyu da 'yan sa ido, sau da yawa da fitila. Wannan ne matakin da na fi so mutane su fahimta, domin kalmomi huɗu ne ke riƙe da sakamakon duka: waɗanda aka yi wa rajista, waɗanda suka fito, ƙuri'un da suka lalace, da ƙuri'u masu kyau.

Ga misali. Biro yana da mutum 400 a kundi, 280 suka zo. Fitowar jama'a ta zama kashi 70 cikin ɗari, sauran 120 su ne suka ƙaurace. Da farko a ƙirga takardun cikin akwati, dole su yi daidai da sa hannu 280 na kundi. Sai a ware lalatattu, masu alama biyu ko rubutu, da farare waɗanda ba a sa musu komai ba. A ce sun kai 20. Saura 260, kuma a kan waɗannan kaɗai ake lissafin kason kowa. Ka ga mutum 20 sun sha rana a banza. Bayan nan a cika takardar sakamako, ma'aikata da wakilai su sa hannu. Wakilin da ya ga abin da bai gamsu da shi ba, a nan zai sa a rubuta ƙorafinsa, kuma kada ya taɓa sa hannu a takardar da ba a cika ba.

Jiran sakamako

Daga biro alƙaluma suna hawa zuwa hukumar zaɓe ta ƙaramar hukuma, har su isa Yamai. Abin da CENI ta sanar sunansa sakamakon wucin gadi. Na dindindin, a zaɓen shugaban ƙasa da na majalisa, Kotun Tsarin Mulki ce ke bayyana shi a lokacin, bayan ta duba ƙararraki, tana ma iya soke ƙuri'un biron da aka yi maguɗi.

Rinjaye iri biyu ne. Akwai na wanda ya fi kowa, akwai cikakken rinjaye, wato fiye da rabin ƙuri'u masu kyau, kamar 131 cikin 260 ɗin nan. Shugaban ƙasa sai da cikakke. In ba wanda ya samu, biyun farko su je zagaye na biyu, waɗanda suka faɗi kuma su ƙulla ƙawance da wanda suka ga dama. A 1993 Tanja Mamadu ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma jam'iyyun ƙawance suka taru bayan Mahamman Usman, ya ci zagaye na biyu da sama da kashi 54. A 2020 kuwa Muhammad Bazum ya samu kusan kashi 39 a farko, ya riƙe gabansa, ya kammala zagaye na biyu a Fabrairu 2021 da sama da kashi 55 a kan shi Mahamman Usman ɗin. Saboda haka in an gama zagayen farko, mayar da katinka inda ka saba ajiye shi, da shi za ka koma biro ɗin nan bayan 'yan makonni.