Babi na 7: Gwajin Huhu ga Magina da Masu Fasa Dutse

Darasi na 1: Ƙura

Ƙurar dutse, yashi, kankare da ta yankan tayil tana ɗauke da wani abu da ake kira silika. Wadda ido ba ya gani ita ce mai ɓarna: takan shige can cikin huhu ta zauna, ta bar tabon da ba ya gogewa. Sau da yawa sai mutum ya yi shekara 10 ko fiye yana shaƙarta kafin ya fara haki a kan tsani. Huhu mai tabo kuwa, tarin fuka na saurin kama shi. Idan tari ya kai mako 2, a tafi asibiti. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Ka kwafa wannan a takarda, ka miƙa wa likita: "Ni magini ne. Shekara ___ ina aiki cikin ƙura." A kan layin nan za ka rubuta yawan shekarun. Ko hannu na rawa, rubuta abinka, za a gane.

Darasi na 2: Kaki

Don gwajin tarin fuka, za a ba ka 'yar roba mai murfi. Nan ne yawanci ake tuntuɓe, don haka mu bi a hankali.

Kaki ake so, ba yawu ba. Yawu daga baki yake, tsararo kamar ruwa. Kaki daga ƙirji yake fitowa, mai kauri.

Kurkure bakinka da ruwa. Fita waje, nesa da mutane. Ja numfashi sosai, riƙe kaɗan, saki. Yi haka sau 3. Sannan ka yi tari mai ƙarfi daga ƙirji, ka tofa a robar. Duba abin da ya fito. Mai kauri ne? Madalla, rufe murfin gam. Ruwa ne da kumfa? Yawu ne, sake ja numfashi. Ba abin kunya ba ne, kowa yakan sake.

Mu maimaita: kaki, ba yawu ba.

Wani ɗalibinmu birkila sau biyu ana mayar masa da robarsa, kuɗin mota da yinin aiki duk suka tafi a banza. Da na tambaye shi sai ya ce gaggawa yake, mai gini na jira. Haba jama'a! Mai gini ne zai yi maka numfashin? Na faɗa a aji, na rubuta a allo, ga shi ina sake faɗa: daga ƙirji, ba daga baki ba.

Darasi na 3: Hoton ƙirji

Cire riga da duk wani ƙarfe, har laya. Manna ƙirjinka a jikin allon na'urar ɗaukar hoton. In an ce riƙe numfashi, ka riƙe. Ba zafi.

Darasi na 4: Hura na'ura

Na'ura ce ta auna ƙarfin huhu. Wasu manyan asibitoci suna da ita. Cika ƙirji, kama bututun da leɓe, hura da ƙarfi har iska ta ƙare.

Darasi na 5

A yayyafa ruwa kafin yanka ko shara. A sa takunkumin N95, ƙyalle ba ya tare wannan ƙurar.