Yadda alƙalin ƙwallon kwando zai dawo da 'yan wasa fili bayan hutun minti ɗaya

A Garwa ko Marwa, cikin zafin Afrilu, da wuya a raba 'yan wasa da robar ruwa idan koci ya nemi hutu. Amma dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda Kamaru da Chadi ke bi, minti ɗaya ta bayar, ba ƙari.

Aikin daga teburin masu riƙe agogo da rubuta maki yake farawa. Tun kafin a cilla ƙwallo sama, ka yi magana da mai riƙe agogo: ya fara ƙirga da zarar ka busa usur ka nuna alamar hutu, ya buga ƙararrawa a daƙiƙa 50, ya sake bugawa a 60. Inda babu ƙararrawa, agogon waya da wani usur ɗin sun wadatar. Daƙiƙa 10 ɗin nan na rufe robar ruwa ne da miƙewa daga benci.

Da minti ya cika, busa usur ka yafito ƙungiyoyin biyu. Idan wani koci bai ɗago kai daga allonsa ba, sake yafitowa. In sun taso, bari su shigo, sannan ka matsa kusa da shi ka ce, "Koci, in aka kuma, zan cire muku hutu ɗaya." Sau ɗaya za ka faɗa, ba da tsawa ba, ka kuma sanar da abokin aikinka cewa an yi gargaɗi. In kuwa sun yi kunnen uwar shegu, babu zancen gargaɗi: a rubuta musu hutu a takarda nan take.

Hukuncin na da zafi, domin hutun ƙidayayye ne: 2 kafin rabin lokaci, 3 bayansa, 1 a kowane ƙarin lokaci. Kocin da ya zubar da ɗaya a banza zai neme shi ido rufe a mintunan ƙarshe.

Idan babu ko ɗaya da ya rage musu, laifin tekinik ne (laifin rashin ɗa'a, a nan na ɓata lokaci) a kan koci, a rubuta alamarsa B1 a takardar wasa, abokan karawa su yi jifan kyauta ɗaya. Ƙungiyar da ta yi nawa bayan hutun rabin lokaci ma ana cire mata hutu, sai dai ba a ba ta mintin ta zauna, wasa kawai ake ci gaba.

Akwai matasan alƙalai da kan ajiye ƙwallo a ƙasa su fara ƙirga daƙiƙa 5 idan ƙungiya ta ƙi tasowa, yadda suka gani a bidiyon wasannin sakandaren Amurka. Wancan tsarin nasu ne na can, kada ka shigo da shi wasan da ake bugawa da dokar FIBA.