Kurakuranmu a Gaban Danja a Titunan Abuja

Titunan tsakiyar Abuja suna da faɗi da kyau, shi ya sa direba ke isowa mahaɗa a guje. Kuskuren da ya fi tayar min da hankali a nan yake: danja ta nuna ruwan ɗorawa, sai mutum ya ƙara taka totur wai ya riga ja. Ruwan ɗorawa na nufin ka tsaya, sai fa idan ka riga ka kai bakin layi, ta yadda taka birki zai sa na bayanka ya daki motarka. Gyaran kuwa tun daga nesa ake fara shi. In ka hango kore ta jima a kunne, sassauta, don ta kusa canzawa.

Ita ma kore ba a fizgar mota da zarar ta kama. Duba hagu da dama tukuna, domin wanda ya yi wa ja kunnen ƙashi bai gama wucewa ba, kuma a gefen ƙofarka zai same ka. Na baya zai dame ka da hon, ƙyale shi. Idan kibiya ce ta yi kore, ɓangaren da ta nuna kaɗai aka ba hannu.

Tsaya bayan farin layi. Zanen da ke gabansa na masu ƙafa ne, kuma duk wanda ya ga mace da goyo da kaya a ka tana neman tsallakawa a wajen Kasuwar Wuse ya san wahalar da hawa zanen nan ke jawowa.

Da dare ko ranar Lahadi, titi fayau, ja tana nan a matsayinta na ja.

Idan danja ta mutu, a rage gudu a bi a hankali. In akwai mai ba da hannu, umarninsa ke gaba da fitila ko da tana aiki. A shataletale irin na AYA ko Area 1, wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya, kuma ta hagunka zai ɓullo, tunda tun 1972 hannun dama muke tuƙi a Najeriya.

Sai masu kunna sigina biyu a mahaɗa wai su nuna miƙewa za su yi. Wannan fitilar ta lalacewar mota ce ko wani haɗari. Mai miƙewa ba ya bukatar sigina ko ɗaya.